Ranar Da Na Yanke Ƙofar Ɗakin 'Yata

Shekaru sun fara cin ƙarfina, mantuwa ta yi min yawa, wani lokacin sai in yi ta neman guduma alhali tana hannuna. Amma akwai yini guda da na san ko tsufa ya rikita ni ba zai fita daga raina ba. Shi ne ranar da 'yata ta fari ta faɗo ta ka daga kan wani ƙarfe da ni na kafa mata da hannuna.

Ni mai walda ne. Rumfata tana unguwar Arawa a bakin titi, gidana kuma yana unguwar Madaki. Ban yi boko mai nisa ba, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, babu ado.

Yarinyar nan ita ta yi karatun da ban yi ba. Da ta dawo daga bautar ƙasa sai ta dawo mana da sabon abu. Wata rana ina cin tuwo ta durƙusa a gefe ta miƙo min waya.

"Baba, irin wannan nake so ka yi min."

Na duba. Fayif ne tsaye a tsakiyar ɗaki, daga ƙasa har sama, ba ya riƙe da komai.

"Wannan na mene ne? Tuta za ki ɗaga?"

"Motsa jiki ne, Baba. Hawa ake yi, ana juyi a jikinsa kamar rawa."

Na ce mata ni a sanina biri ne ke wannan aikin. Kuma ba yaro ba ne ni, na ji labarin irin wuraren da ake wannan rawa a wasu garuruwa, na faɗa mata haka ƙiri-ƙiri. Ta ce ita a ɗakinta za ta yi, ƙofa a rufe, daga ita sai wata ƙawarta da suka koya tare. Uwarta ta sa baki, ta ce yarinya ba ta yawo, ba ta ƙawayen banza, ga ciwon bayan da zaman ofis ya sa mata, a bar ta mana. Na gaji da magana na ce to.

Ban taɓa yin aikin da aka cika min sharuɗɗa irin wannan ba. Wai fayif ɗin sai mai sheƙi mara tsatsa, irin wanda muke yin hannun matakalar bene da shi. Kada a yi masa fenti. Kada kaurinsa ya fi ƙarfin tafin hannunta. Kada a bar ko ɗan ƙurjin walda a jikinsa, don zai yage fata. Gidana ba dekin ba ne, silin ne da kwano, saboda haka na cire silin guda, na gitta ƙarfe mai kauri daga bango zuwa bango na kama kansa, ƙasan kuma na ɗaure shi da noti a cikin siminti. Da na gama na rungume shi na jijjiga, ko gezau. Na ce bari in gwada ɗaga jikina kamar yadda na gani a waya. Ƙafata ko barin ƙasa ba ta yi ba, kafaɗata ta amsa. Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na daina kiran abin wasan biri.

A wajen aikin nan take faɗa min ƙa'idojin abin, ina ji da rabin kunne. Ranar hawa ba a shafa mai ko kaɗan. Ana goge ƙarfen da sifirit kafin a taɓa shi. Ana kewaye gindinsa da katifa. Ba a juyewa kai ƙasa sai da wani a tsaye kusa. Kaya masu tsawo ba sa yi, domin fatar cinya da bayan gwiwa su ke kama ƙarfen, shi ya sa take sa gajeren wando, shi ya sa kuma take danna sakata. Sannan ta ce in mutum ya faɗo ta ka, ba a ɗaga shi, ba a zaunar da shi, riƙe kansa ake yi yadda yake har a kai shi asibiti. Na ce Allah ya kiyaye, na tattara kayana.

Ta daɗe tana abinta lafiya. Tafin hannunta ya yi kanta kamar nawa, ciwon baya ya tafi. In baƙi suka leƙa suka tambaya, uwarta takan ce silin ne ya so ruftawa aka tokare.

Sai aurenta ya zo. Yaron kirki, ita ta kawo shi. Biki ya matso, gida ya cika da mata, aka kawo mai gyaran jiki tana zuwa kullum. A murje ta da dilka, a shafe ta da mayuka, a turara ta, har fatarta ta koma tana ƙyalli. Katifun da ke gindin ƙarfen kuma aka kwashe aka shimfiɗa wa baƙi. Ni da bakina na ce washegari zan zo in cire fayif ɗin, don za a jera kaya a ɗakin.

Bayan azahar ina rumfa ina haɗa ƙyauren wani shago, waya ta yi ƙara. Uwarta ce. Ban gane abin da take cewa ba sai kalma biyu, ta faɗo, da kuma ƙofa. Na saki abin da ke hannuna. A kan babur abu ɗaya ke yawo a kaina: waldata ce ta saki. In waldata ce, ni na kashe ta.

Na tarar da mata sun yi cirko-cirko a tsakar gida, wasu na salati, wasu na dukan ƙofa da tafi. Ƙofar ƙarfe ce, ni na yi ta, kuma na yi ta da kyau. Sakata tana ciki. Tagar ma ni na sa mata ƙarafan tsaro. Duk abin da na ƙera don in tsare yarinyar nan, ranar shi ya tsaya tsakanina da ita.

Uwarta ce ke leƙe ta taga. Na ce, "Tana numfashi?"

"Tana yi. A kwance take rigingine, idonta biyu."

"Ƙarfen fa?"

"Yana nan tsaye."

Na kara bakina a jikin ƙofa na ce, "Ke, kina ji na?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Baba, wuyana. Yatsun hannuna na dama kamar ba nawa ba."

Na ce, "Kada ki motsa. Ga ni nan."

An ɗauke wuta, injin yanka ƙarfe kuma yana rumfa. Zarton ƙarfe kawai na samu a akwatin kayana na gida. Allah ya taimake ni hinjin ƙofar a waje suke. Na durƙusa na kama na ƙasa. Wanda bai taɓa yanka ƙarfe da zarto ba, ɗansa na nishi a bayan ƙofa, bai san jinkiri ba. Gumi yana shiga idona, ruwan zarton yana zafi, ina ji kamar ƙarfen ƙara kauri yake yi. Can sai ta yi shiru. Na tsaya da yanka.

"Yi magana mana!"

"Ina ji, Baba."

"To kada ki daina. Karanta duk abin da kika iya."

Ta kama Ƙulhuwallahu tana maimaitawa, ni ina yanka.

Yayata, wadda nake kira Adda, ita ce babba a gidan ranar, kuma ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, maganarta ba a mayar da ita. Ta leƙa tagar ta ga irin kayan da ke jikin yarinyar, ta ja da baya tana tafa hannu.

"Innalillahi! Amarya guda, da wannan ɗan kamfai? Kai, in ka cire ƙofar ka koma zaure. Mu za mu shiga mu tashe ta, mu sa mata riga da zani tukuna. An aika a kira mai ɗori, ya ja wuyan ya koma."

Na ci gaba da yanka. Amma maganar ta shige ni. Wannan 'yar fari ce. A gidanmu ɗan fari ko sunansa ba ma kamawa, tun tana jaririya ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Yau a ce in faɗa mata ɗaki tana cikin wannan hali? Ga maƙwabta maza sun fara taruwa a zaure, ina jin muryoyinsu. Ga dangin ango za su ji. Wallahi na so in bi maganar Adda, ita ce mai sauƙi.

Hinji na ƙasa ya rabu, can na sama ma ya saki. Na rungumi ƙofar na janye ta gefe na jingine. Adda ta yi gaba da zani da hijabi a hannu, mata biyu na bin ta. Ita kuma yarinyar da ta ga haske ya shigo, ta ji muryar maza, sai na ga tana neman dafa ƙasa da gwiwar hannu.

"Goggo, rigata, don Allah rigata..."

Ita da ta koya min ba a tashi, ita ce kunya za ta tayar.

Ban san lokacin da na kira sunanta ba, da ƙarfi, a gaban kowa. Matan duk suka tsaya cak. Ita ma ta daskare a inda take. Na ratsa ta gefen Adda na zube a wajen kanta, na sa tafukana biyu na riƙe shi ta wajen kunnuwa, na kawar da idona zuwa bango.

"Adda, lulluɓa mata zanin daga sama. Kada wanda ya ɗaga ta."

"Kai, ka haukace? Hijabin fa? A haka za ta fita maza na kallo?"

"Hijabi ta kai ake sa shi, kan kuma yana hannuna. A haka za ta fita."

"Ni kake mayar wa magana?"

"Ki yafe ni, Adda. Gobe ki mare ni. Yau dai a lulluɓa."

Uwarta ce ta karɓe zanin daga hannun Adda ta rufe ta, ta ƙara da zanin gado har wuya. Fatar yarinyar a hannuna santsi take yi kamar an jiƙa sabulu. A nan na gane abin da ya kayar da ita. Ta yi wanka tana ganin man ya fita, ashe man gyaran amare ba ya fita da wanka guda, ya riga ya shiga jiki. Daga baya ta ce min so ta yi ta yi hawan bankwana kafin in cire ƙarfen. Ta hau, ta maƙale da bayan gwiwa, ta juye kai ƙasa, ƙafar ta zame kamar ba ta kama komai ba.

Keke mai ƙafa uku ba zai yi ba, sai an naɗe ta. Na ce a kira maƙwabcina mai a-kori-kura da ke dakon bulo. Abin da za a ɗora ta a kai mai faɗi mara lanƙwasa kuwa babu sai ƙofar da na yanke. Aka shimfiɗe ta a ƙasa, aka ɗora bargo, matan suka tura yarinyar a hankali gaba ɗayanta, ni ina bin su da kan. Maza huɗu suka kama kusurwa. Duk wanda ya shigo idonsa a ƙasa yake.

Hanyar unguwarmu ruwa ya cinye ta, rami ne a kan rami. Ina durƙushe a bayan mota, gwiwoyina a kan ɓurɓushin bulo, kanta a hannuna. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a wuyana ne. Ina ta yi wa direba ihu ya yi a hankali, in ya yi a hankali kuma in ce ya yi sauri. Ita tana kallon sama hawaye na gangarowa cikin yatsuna.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Rufe min baki. Motsa yatsun ƙafarki in gani."

Zanin ya ɗan motsa daga ƙasa. Haka muka yi ta yi har asibiti.

Ma'aikatan asibiti ba su karɓi kan daga hannuna ba sai da suka sa mata abin tallafe wuya. Da na saki, yatsuna suka ƙi miƙewa. Aka shiga da ita hoto, na zauna a kan benci ina jira, ban taɓa jin tsawon la'asar irin ta ranar ba. Can likita ya fito ya ce ƙashin wuya ya tsage, na kafaɗa ya karye, amma lakar ba ta taɓu ba. Ya tambaya ko an zaunar da ita ko an ja wuyan. Na ce a'a. Ya ce to mu gode wa Allah, ya wuce. Na koma bayan gini na yi kuka, abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

An ɗaura aure tana kwance, biki sai da ta warke. Surutu kuwa an yi shi har an gaji. Da baffan ango ya tambaye ni abin da ya faru, matan gida sun so in ce kujera ta taka ta zame. Na ce masa motsa jiki take yi a jikin ƙarfe ta faɗo, ni na kafa ƙarfen. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Adda ta yi fushi da ni har bayan salla, sannan ta sauko da kanta.

Yanzu yarinyar tana da 'ya'yanta, hannun ya dawo sarai. Ta koma hawan ƙarfenta a gidan mijinta, kuma ni na sake kafa mata, don na san in na ƙi wani za ta samu wanda bai kai ni iya walda ba. Amma sai da na ga katifa ta musamman da ba a ara wa baƙo, kuma ɗakin ban sa masa sakata ba, makulli na sa mai buɗuwa ta waje.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mu mutane ne masu kunya, kuma ban ce a daina ba, da ita aka raine ni. Amma ranar nan saura kaɗan mu tashi yarinya zaune don mu sa mata riga, mu kwantar da ita har ƙarshen rayuwarta, kuma dukkanmu da kyakkyawar niyya. In mutum yana ƙasa, a fara da ransa. Abin da mutane za su ce, sun faɗa, na ji, ban mutu ba. Ita kuma ga ta tana tafiya da ƙafafunta.