Ƙanƙarar da Ta Kai Mu Rugar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Klémat ta N'Djamena a mota, ni da direba da wata likitar dabbobi. Ciwon huhu ya ɓulla a garken maƙwabtan kawuna, can kan hanyar Dourbali, kuma maganin rigakafin da muka ɗauko wa shanunsa ba ya jure zafi. In ya ɗumama, ya tashi aiki.

Mun tsaya unguwar Habbena sayen ƙanƙara, wadda a nan ake ce wa galas. Ta yi tsada, don an kwana biyu ba wuta. Muka fasa ta cikin kular da maganin yake, likita ta soka ma'aunin zafi, mai sayarwa ya lulluɓe kular da buhun algarara. Direba ya ce shi dai bai taɓa ganin an rufa wa mai jin sanyi bargo don ya ƙara sanyi ba.

Da kwalta ta ƙare sai ramuka. Wajen azahar taya ta fashe, ta ajiyar ma ba iska. Muka zauna gindin aduwa muna cin kisar, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, direba kuwa ya tari mai babur ya tafi neman mai faci. Da ya dawo ya leƙa kula ya ga rabin ƙanƙarar ya zama ruwa, sai ya ce mu juya gida kawai, magani ya lalace.

“Malam direba, dubi ma'aunin,” in ji likita. Yana kan sifiri. Da aka gama ɗaura taya, ruwan ya ƙaru, ma'aunin bai motsa ba. Ta ce duk zafin da ke shiga wajen narkar da ƙanƙara yake ƙarewa, ba ya samun sararin ɗumama ruwan. “Muddin da saura, muna da lokaci. Kai dai daina buɗewa.”

Mun isa da la'asar, abin da ya rage bai wuce ƙwan zabo uku ba. Aka yi wa shanu allura kaf. Kawu ya tsamo gutsure ɗaya ya jefa a furarsa, ya ce wannan ladan mai masauki ne.

A hanyar dawowa na ƙarshen ya narke, nan da nan ma'aunin ya fara hawa. Mun shigo N'Djamena da tsakar dare, ruwan ya yi ɗumin alwala. Na koyi cewa lokacin da muka ɗauka ƙanƙarar ta gaza, lokacin ne take tsakiyar aikinta. Direba kuwa da buhun ya tafi gida.