Man Aduwa a Ƙafar Masu Gudu

Shin Sarjan ya gane, ko bai gane ba? Na tambayi kaina, na tambayi maigidana Ilu tun yana da rai, har yau ba amsa. Rubuta, jikata, don yaran nan masu koyon tausa su ji.

Ranar ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, fari ya ci gero, gyaɗa ma ta ƙi. Aka tara samari masu gudun nisa a Tasawa, ana horar da su don gasar da za a yi a Maradi. Ilu maɗori ne daga Korgom, shi aka kira ya kula da jikinsu, ni ina taya shi. Da asuba su bi hanyar rairayi, hantsi su dawo ƙafa ta yi tauri kamar icce. Shi ke tausar baya da cinya. Ni daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, a fili ƙarƙashin gawo, suna ce mini Inna. Ana somawa daga ƙasa a tura sama, a hankali, har jijiya ta saki. Ba a yi da busasshen hannu, sai fata ta saluɓe.

Saboda haka duk mako Sarjan mai horar da su yakan ba Ilu buteli, wato kwalba, na man gyaɗa daga mangaza, ɗakin ajiyar kayan gwamnati.

Wata safiya ina zuba mai a tafin hannu, sai Sani, wani dogo ɗan Kona, ya janye ƙafarsa. Ya ce, "Inna, uwata tafasa take dafawa ba ko gishiri, ni kuma ƙwaurina na shan mai?" Sauran suka yi dariya, amma ba wanda ya miƙo ƙafa.

Ni na kawo shawarar a koma man aduwa, don ita ba ta san fari ba. Na riƙa tsinto ƙwallonta, in fasa, in soya, in daka, in matse. Man na da santsi, sai dai ƙanshinsa daban, da ɗan ɗaci. Na gyaɗar kuwa Ilu ya raba wa yaran, su aika gida. A wancan zamani wanda aka kama ya karkatar da kayan gwamnati, kaso za shi, wato kurkuku, ba a tambayar dalili. Kuma hannun Ilu ne ke karɓa. Duk jiniyar mota sai in leƙa hanya.

Ana gab da tafiya Maradi, Sarjan ya bi su gudu don ya gwada su. Ya dawo yana ɗingishi, jijiyar sha-raɓa ta ɗaure. Ya zauna bisa tabarmata ya cire takalmi.

"Inna, yau ni ma ɗanki ne."

Na dubi Ilu. Ilu ya dubi ƙasa. Sarjan ɗan manoman gyaɗa ne, ya sha faɗa mana a cikin ƙuliƙuli ya girma.

Na zuba man. Na soma tausa. Yaran nan masu surutu duk suka zuba mana ido.

Ya dangwali man da yatsa ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa.

"Ilu, man mangaza ne wannan?"

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke hannunmu ke nan."

Sai Sani ya ce, "Sarjan, warin ƙafarka ne ya ɓata shi." Wani ya ƙyalƙyale, ya haɗiye.

Sarjan bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafafun yaran ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tulin ɓawon aduwa da na manta ban share ba a gindin gawo. Ya ce, "Ci gaba, Inna, nan ne ke ciwo." Da na gama ya sa takalmi ya tafi. Muka wuni muna jiran jandarma su zo su kama Ilu. Ba su zo ba. Ranar rabo Ilu ya tafi mangaza kamar mai zuwa yanka, sai ga shi da buteli, cike har wuya, fiye da yadda aka saba. Ko alheri ne, ko hannun mai awo ne ya zarce, Allah ya sani.

Abin da na koya, mai tausa ba ƙafa kaɗai yake riƙewa ba. Mai gudu da gidansu yake gudu, in tukunyar uwarsa ba kome, jijiyarsa ba ta saki.

Ilu ya rasu bara waccan, kuma har yanzu in na ji ƙanshin aduwa sai hawaye. A ciwonsa na ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, ina shafa masa mai da la'asar. Ya kwana biyu bai yi magana ba. Sai ya ja numfashi, ya buɗe ido ya kira sunana ya ce, "Hajo, wannan na gyaɗa ne. Bar wa tukunya."