Motar Katako a Gidan Tarihi

Bakanike ba mutumin yawon buɗe ido ba ne. Tun yana saurayi rayuwarsa a ƙarƙashin mota take, baya a kan kwali, ido a kan ƙarfe. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya binne matarsa, duk yana garejin nan na bayan tasha. Abokinsa na gaske ɗaya ne, Dogo direba, wanda ya ja babbar mota har ƙarfinsa ya ƙare. Dogo ne ya laƙaba masa Baƙin Mai, kuma shi kaɗai ke kiransa haka ya zauna lafiya.

Sai mantuwa ta kama Dogo. Ta fara da makulli da takalmi, ta kai ga mutane. Bakanike kan je kullum bayan ya tashi aiki, ya yi masa aski, ya yanke masa farce, Dogo kuwa ya yi ta kallonsa kamar baƙon da ya ɓace hanya. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, 'yar Dogo ta ce za ta tafi da shi garin mijinta, can nesa, inda za ta fi kula da shi. Ba wanda ya ga laifinta. Abu ɗaya Bakanike ke so kafin a tafi: Dogo ya dube shi ya gane shi, ko sau ɗaya.

Tela, na ukunsu a majalisa, shi ya kawo shawarar zuwa babban birnin jiha. Ya ce a gidan tarihi akwai tsohuwar motar katako irin wadda Dogo ya fara ja.

"Mu kai shi ya ga tsohuwar budurwarsa," in ji Tela. "Kai ma ka ga gari, kafin su ɗauke ka su ajiye a gilashi."

"In sun ajiye ni, kai za su sa kusa da ni, tare da keken ɗinkinka mai tari."

Suka tafi a motar haya, Dogo a tsakiya. Birni ya cika da masu hutu. Sun shiga gidan namun daji, Tela ya nuna wani tsohon biri ya ce ga yayan Bakanike, Dogo bai ko murmusa ba. A gidan tarihi suka wuce tukwane da takubba da tsofaffin hotuna, Bakanike na riƙe da hannunsa kada jama'a su ture shi.

Motar tana wata rumfa a baya, an kewaye ta da igiya. An shafe ta da fenti har kan tayoyi. Dogo ya ja ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sitiyarin ta taga, bakinsa na motsi.

"Ka tuna ta, Dogo?" Tela ya tambaya. "Ga Baƙin Mai nan, ga mota."

Dogo ya ci gaba da kallon motar.

Bakanike bai iya lallashi da baki ba. A zamanin da suke aiki tare, in yana ƙarƙashin mota ba ya ɗaga murya. Sifana yake bugawa a jikin ƙarfe sau biyu, Dogo ya tayar da inji. Yanzu sai ya ciro makullin garejinsa, ya faki idon mai gadi, ya miƙa hannu ta saman igiya ya ƙwanƙwasa gefen motar sau biyu.

Hannun Dogo ya tashi da kansa ya murɗa makulli a iska. Ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa. Tela ya dafe baki. Bakanike ya matso ya tsaya daidai gaban fuskar Dogo.

Dogo ya leƙa ta kafaɗarsa, ya sunkuya yana duba ƙarƙashin motar.

"Baƙin Mai," ya kira a hankali. "Fito mana, ta ƙi tashi."

"Ga ni nan, Dogo."

Dogo ya dube shi sama da ƙasa, da ladabi.

"A'a, Baba, ba da kai nake ba. Wani abokina ne, saurayi, baƙi siriri. Bai taɓa barina a hanya ba. In ka gan shi ka ce ina jira."

"Zan gaya masa," in ji Bakanike.

Daga nan suka kama hanyar gida.

Ranar tafiya, 'yar Dogo ta zo tare da mijinta a motarsa. Bakanike ya riga kowa zuwa. Ya buɗe gaban motar ya duba mai da ruwa, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da wata ta baya ta yi sanyi, ya canja ta da hannunsa.

"Kawu, ka bari, ai an duba ta jiya," ta ce.

"Ban ga an duba ba."

Shi ya ɗaga Dogo ya zaunar a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya gyara masa hula. Dogo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, bawan Allah."

Bakanike ya rufe ƙofar a hankali, ya ce wa mijin yarinyar kada ya yi gudu, Dogo ba ya son direba mai gaggawa.