Gayyar Stoimen

Ranar gari ya waye da nauyi. Babu iska ko kaɗan, ga zafi kamar ba Oktoba ba, ga wani baƙin hadari ya zauna a kan dutsen Belasitsa, bai taho ba, bai kuma wuce ba. Ina ba jakina ruwa sai ga Stoimen, mijin ƙanwata Zlatka, ya faɗo tsakar gida ko gaisuwa babu, leɓɓansa sun yi baƙi da inabi. Ya miƙo mini ƙwayar inabi uku a tafin hannu ya ce in tauna.

Tun yana saurayi Stoimen bai iya zama wuri ɗaya ba. Abinci ma a tsaye yake cinsa. Ya taɓa tafiya ƙasar Girka tsinkar lemo, wata biyu ya dawo, wai ya yi mafarkin an yi wa inabinsa mugun aski. Gonar tana kan tudun yashi bayan ƙauyenmu, gadon ubansa ce, kuma jar giyar da ake matsewa daga gare ta ita ke riƙe da gidan shekara guda. Irin inabinmu mai faɗin ganye ba ya nuna da wuri. Sai kowa a ƙasar ya gama tsinka, mu muna nan muna kallon sama. Ubansa ya bar masa ƙa'ida ɗaya: kada wuƙa ta taɓa nonon inabi sai ƙwayar cikin 'ya'yan ta yi ja kamar soyayyiyar gyaɗa, ta fashe a haƙori babu ɗaci. In an yi gaggawa giyar ta fito tsararo da tsami. In an yi jinkiri ruwan kaka ya sauko, 'ya'yan su tsage su ruɓe a kan itace. Tsohon sau ɗaya yake taunawa a mako. Stoimen sau biyar a yini.

Na tauna, na ce masa da saura, kamar kwana shida. Ya ce hadarin nan ba zai ba shi ko kwana biyu ba, ya juya ya fita.

Mu da gayya muke tsinka. Mai gona yakan zaga gida-gida da kwalbar giyar bara, wanda duk ya kurɓa ya ɗauki alkawari, kashegari ya ajiye nasa aikin ya zo. A ranar Stoimen ya zaga. Da safe mu goma sha huɗu muka hau tudu da kwanduna, Zlatka ta yanka zakara biyu, ta dafa wake a tukunyar ƙasa. Sai ga sama tas, hadari ya watse. Stoimen ya bi layi yana taunawa yana tofarwa, ya dawo fuska a yamutse ya ce kowa ya mai da wuƙarsa, ƙwayar kore ce shar. Muka ci zakarun, aka yi ta tsokanarsa, aka watse ana dariya.

Bayan kwana uku hadari ya dawo, Stoimen ya sake zagawa da kwalba. Wannan karon mu tara ne. Tsohuwa Velika har ta cika kwando biyu sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya tauna wata ya ji ɗaci. Maƙwabcinsa Vangel, wanda ya bar ganyen tabarsa a shanye ya zo, ya naɗe wuƙarsa a hankali.

“Yaya Stoimen,” in ji shi, “a ƙauyen nan dagaci gare mu, ko haƙoranka ne ke mulki?”

Babu wanda ya yi dariya. Abincin ma ba su tsaya ci ba.

A rana ta shida ƙwayar ta nuna. Ni ma na tauna, ta fashe ƙaras, ba ɗaci. Da la'asar iska ta juyo daga kudu da ƙanshin ruwa. Stoimen ya ɗauki kwalba ya fita da gudu-gudu. Na bi shi, don na ga alamar abin da zai faru. Ƙofar da duk ya ƙwanƙwasa, sai mai gida ya gaishe shi da kyau, ya rufe bakin kofi da tafin hannu. Ba don mugunta kaɗai ba. Inabin kowa ya nuna a rana ɗaya, kuma sun riga sun ba shi kwana biyu daga nasu. Velika ta ce masa ƙafafunta sun yi tsufa da hawan tudu don kallon mutum yana tauna.

Mu huɗu muka hau da sassafe: shi, ni, Zlatka da 'yarsu Rumyana. Stoimen ya fara wannan layi, ya bar shi ya ruga wancan, ya ɗaga kai sama, ya dawo. Zlatka ta ɗago ta yi masa magana.

“Ka tsaya a layi ɗaya, don Allah, ka gama shi. Saman ba za ta jira ka ba ko ka kalle ta sau ɗari.”

Da tsakar rana ruwa ya kece, bai ɗauke ba sai bayan kwana uku. Abin da muka shigar cikin kogon ajiya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ya ruɓe a kan itace, warinsa har cikin ƙauye. Ganga biyu aka samu a maimakon bakwai. Giyar kuwa ban taɓa shan irinta ba, baƙa wuluk, mai kauri, sai dai ba ta kai su ko bikin Ista ba.

Da shekara ta zagayo Zlatka ta zo wurina, ta ce: “Yaya, ka gaya masa kai, ni na gaji.” Na je na same shi yana gyaran ganga, na ce masa bakinsa ya san inabi fiye da na kowa a tudun nan, amma kwalbar gayya ba za ta sake fita a hannunsa ba. Ya yi ta kai da kawowa cikin kogon, ya daɗe, sa'an nan ya ɗauko kwalbar ya miƙa wa Rumyana. Ita ta zaga a shekarar, sau ɗaya, mutum goma sha ɗaya suka kurɓa. Vangel bai kurɓa ba sai a shekara ta uku.

Stoimen yana nan a ƙauye, shekararsa tamanin da ɗaya, gwiwa ta hana shi hawa tudu. Gonar tana hannun Rumyana da mijinta.