Baba Mai Ɓeraye da Kejin da Ya Rasa Ɗaya

Kullum da safe, kafin likitocin ɗakin bincike su iso, Baba Mai Ɓeraye ya riga ya wanke keji, ya canza ruwa, ya bi fararen ɓerayensa da gaisuwa kamar mai zagayen surukai. A gida kuwa matarsa tarko take ɗana wa danginsu. Bai taɓa hana ta ba, kai kawai yake kawarwa.

A kan ɓerayen nan ake gwajin rigakafin wata cuta da ɓeraye ke yaɗawa, sunanta hanta. Tun ranar da matarsa ta ji sunan ta daina dafa masa hanta, kuma har yau ya kasa gamsar da ita cewa suna ne kawai ya zo ɗaya. Dabarar likitocin ita ce su ƙera ɓawon ƙwayar cutar, ciki babu komai, holoko ke nan. Jiki ya gani ya zaci maƙiyi ne, ya koyi faɗa kafin na gasken ya iso.

Ana tsakiyar gwaji, wata rana Baba ya bar ƙofar keji a sake, ɗaya cikin waɗanda aka yi wa allura ya gudu. Ya leƙa ƙarƙashin kowane tebur, har takalminsa ya zazzage, ko sama ko ƙasa. Ga babbar Likitar wurin mace ce mai zafi, ta taɓa sallamar wani kan abin da bai kai wannan ba.

Direban wurin ne ya ba ni labarin, don shi ya kawo shawara.

"Baba, ɗauko wani a ɗakin ajiya ka jefa. Fari fari ne, wa ya san uwar wani?"

"Wanda ba a yi wa allurar ba?"

"To ai maganin naku ma yaudara ne. Holoko ya ruɗi jiki an ce ilimi, kai ka ruɗi Likita a ce zunubi?"

Na daɗe ina juya tambayar nan, don ba ta wawa ba ce. Baba dai ya ce, "Ɗana, jiki in an ruɗe shi, shi ke cin riba. Likita in na ruɗe ta, wa zai ci?"

Ya je ya ƙwanƙwasa ofis, ya faɗa mata gaskiya. Faɗan da ta yi, mai gadi ma daga bakin ƙofa sai da ya gyara tsayuwa. Aka cire ɓeran daga lissafi, gwaji ya ci gaba a kan gaskiyarsa. Ba ta kore shi ba.

Baba, yau ka ajiye aiki. Rigakafin har yanzu gwaji ne, ko ya yi nasara sunanka ba zai hau kwalba ba. Amma kai ne ka hana ƙarya shiga cikinta, dattijon arziki. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Mu kuma, kowa a wurin aikinsa akwai ɗakin ajiya da direban da zai nuna masa hanya. In ranar ta zo, a tuna Baba, a ƙwanƙwasa ofis.