Majarrar da Kakata Ta Saƙa da Kaba

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa kaba a bayan katanga, warin ya tsallako ya same ni ina tankaɗe. Wanda bai taɓa zama kusa da mai saƙar faifai ba, ba zai san wannan wari ba. Kamar na ciyawar da ruwan farko ya taɓa ne, da ɗan tsami a ƙarshensa. Na ajiye rariyar. Na haura sittin a duniya, amma nan take zuciyata ta tafasa kamar ta yarinya 'yar shekara sha uku. Bari in ba ka labarin, ko na ji sanyi.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, a unguwarmu ta Hausawa, cikin gida mai bukkokin ciyawa huɗu. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar Hajji, suka tsaya neman guzuri, baƙar ƙasar nan mai albarka ta riƙe su. Babana yakan tafi Gadambaliya yankan dawa idan lokacin girbi ya zo, ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Wadda ke riƙe da gidan ita ce mahaifiyarsa, kakata, da muke kira Haboba kamar yadda Larabawan gari ke kiran tasu. Saƙar faifai ce sana'arta. Yatsunta duk sun yi kanta, kuma ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba.

A shekarar da nake ajin ƙarshe aka kawo mana wata sabuwar malamar kimiyya daga Khartoum, siririya, mai magana a hankali. Ustaza muke ce mata. Wata rana ta zo da mujalla, ta buɗe mana hotunan abin da ta kira majarra, wato tarin taurari masu yawan da ba ya ƙirguwa, da ke zaune wuri guda can nesa da namu. Yawancin hotunan masu hannuwa ne a murɗe, kamar an juya fura a ƙwarya, kuma su 'yan ajin suka yi wa ca. Ni kuwa wani ƙarami a gefen shafi ya ɗauke mini ido. Ba shi da hannu ko ɗaya. Tsakiyarsa a kumbure take tana haske, gefensa ya yi siriri, kamar ƙwayar adas, ɗan ƙaramin waken nan mai faɗi, da aka kalla ta gefe.

Ustaza ta ce da sunan adas ɗin ma ake kiran irinta. Ta ce ƙarama ce idan aka gwada ta da majarrar da muke ciki. Taurarinta tsofaffi ne, shi ya sa launinta ya karkata zuwa rawaya da ja-ja, babu shuɗin da sababbin taurari ke da shi. Iskar da ƙurar da ake haifar taurari da su sun kusa ƙare mata, sai ɗan siririn zobe mai duhu kusa da tsakiya. Kuma ba ta da baki: haskenta raguwa yake yi a hankali har ya ɓace, ba ka iya nuna inda ta ƙare.

Da sanyi ya shigo aka ce za a yi bajen ayyukan ɗalibai, mai duba makarantu zai zo, wadda aikinta ya fi za a kai ta babban baje na lardi. Ustaza ta ba ni aron mujallar. Na kai wa Haboba da hantsi tana zaune a inuwar bukka, na fassara mata duk abin da aka gaya mana. Ta daɗe tana kallon hoton, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Sai ta ɗauko faifai biyu ta kifa ɗaya a kan ɗaya, ta ɗaga su daidai idona. Siffar ce sak.

Sati uku ta yi tana aikin, ni ina tsaga mata kaba ina rini. Tsakiyar ta yi ta da farar kaba, ta matse saƙar ta tasa ta kamar cibiya. Daga nan rawaya ta gangamau, sai jan karan dafi mai haske, yana ƙara dusashewa zuwa waje. Zoben nan mai duhu sau biyu ta warware shi, wai ya yi kauri, ya fi na hoton. Inda muka yi gardama shi ne baki. Na ce a bar silin kabar a sake, suna sirancewa, don Ustaza ta ce abin ba shi da iyaka. Ta ce faifan da ba a naɗe masa baki ba aikin ragguwa ne, matan unguwa za su ce ta tsufa. Ta kwana biyu ba ta taɓa shi ba. Rana ta uku ta ce tunda Mai halittar bai yi masa baki ba, ita ba za ta yi masa ba. Faifai biyu ta saƙa iri ɗaya, ta kifa su ta ɗinke da zare, na rataye a igiya, yana juyawa a hankali.

Ranar bajen ta sa farin mayafinta na Idi, ta biyo ni. An jera kujeru don manyan gari da matansu. Iyayenmu mata aka nuna musu gindin bishiyar maina, suka zauna a ƙasa.

Mai duban ya zo da kwat da tabarau, shugabar makaranta na biye da shi. Ya yaba taswirar da aka yi da auduga, ya yaba zuciyar da aka yi da laka. Da ya iso wurina ya karanta takardar da na manna, ya sa ɗan yatsa ya kaɗa aikin. Ya tambaye ni ina hannuwan. Na fara bayani da Larabcina na makaranta, cewa irin wannan ba ta da hannuwa. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya juya ga shugaba ya ce kowa ya san majarra a murɗe take, wannan murfin abinci ne, 'yar Fallata ta kwaso na gidansu, ko gama saƙa shi ma ba a yi ba. Fallata shi ne sunan da suke kiran irinmu da shi. Aka yi dariya. Na nemi idon Ustaza. Tana tsaye taku uku daga gare shi, mujallar na cikin jakarta, na sani don da safen nan na mayar mata. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na manta. Amma da lokacin cin abinci ya yi, aka rasa abin rufe tiren baƙi saboda ƙudaje. Shugaba ta sa aka yanke zaren da ya haɗa faifan biyu, aka kifa ɗaya a kan kisra, gurasar dawan nan marar kauri, ɗaya a kan nama. Kuma ni aka kira in ɗauka, don ni ce mafi kusa. Na ɗauka. Wannan ma ban yafe wa kaina ba. Na ratsa tsakiyar fili da tiren a ka, na wuce ta gaban bishiyar mainar.

Ina ajiyewa na ji takunta a bayana. Haboba ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta sa hannu ta ɗauke faifan farko, ta ɗauke na biyu, ta kakkaɓe su a gaban mai duban, ta sa a hammata. Da Hausa ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Ba don tuwonku na saƙa ba."

Ta kama hannuna muka fita, ƙudaje suka sauka a kan naman.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Ina bukatar takardar shaida daga makaranta kafin in zauna jarrabawar fita, kuma irinmu a lokacin kowace takarda sai an tambaye mu asalin kakan kakanmu. Shugaba ta ce ba za ta sa hannu ba sai an zo an ba da haƙuri. Babana ya dawo daga girbi, tafin hannunsa duk ya tsage da kaifin kara. Ya roƙi mahaifiyarsa ta je, ta ce ko gawarta ba za ta shiga wurin ba. Shi ya je. Ta taga na hango shi tsaye a ofis, hularsa a hannu, yana ba da haƙuri a kan laifin da aka yi mana. Aka bar shi a tsaye har aka tashi tara, sannan aka sa hannun.

Bayan sati biyu Ustaza ta zo gidanmu da la'asar, ta kawo mini mujallar kyauta. Haboba ta shimfiɗa mata tabarma, ta dafa mata gahawa da citta, ta bari sai da ta sha. Sannan ta ce in tambaye ta, abin da ta saƙa daidai ne ko kuskure.

"Daidai ne, Haboba. Har zoben."

"To me ya hana ki faɗa a can?"

Na fassara. Ustaza ta kalli finjalin da ke hannunta. Haboba ta ce in mayar mata da mujallarta, mu mun riga mun ga abin da ke ciki.

Yau na san abin da ban sani ba a lokacin. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na san yadda sabuwar malama ke tsoron alƙalamin mai duba, wataƙila da ƙanne a bayanta da take ciyarwa. Na fahimce ta. Fahimtar ba ta rage mini komai ba. Garin ma ya canza. 'Ya'yanmu suna da takardunsu, wasu sun yi jami'a, jikata takan buɗe waya ta nuna mini irin wannan majarra iri-iri, kuma ba mai iya ce mata ƙarya take. 'Yata takan ce, Inna, ki bar zancen nan haka, duk waɗanda suka yi abin sun riga mu gidan gaskiya. Nakan ce mata na bar su da Allah, ba na bin kowa da mugun nufi. Amma a gaban mutane aka ce tsohuwar nan ba ta san abin da take yi ba, a cikin bukka kuma aka ce ta yi daidai, mu uku kawai muka ji. Biyu sun tafi, saura ni. Shi ya sa nake faɗa maka, kai ma ka zama shaida: majarrar ba ta da hannuwa, kuma kakata ce ta yi gaskiya.