Wayar da Na Ɗaura a Ɗorawar Inna

A shekarar da damina ta yi mana rowa, sau biyu muka yi shuka a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, duka biyun suka ƙone. Ni a lokacin malamin firamare ne, kuma ina da wata jaraba da mutanen garinmu ba su taɓa gane kanta ba, wato rediyon oba-oba. Ba irin wadda ake murɗawa a ji labarai ba ce. Wannan kai ma magana kake yi, wani can a wata ƙasa ya amsa maka. Wani abokina Babarbare, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya daɗe a birnin Kano, shi ya koya mini, ya tsaya mini har na sami lasin. Da batirin mota nake kunna ta bayan la'asar. Ba ta aiki sai da eriya, doguwar waya a sama, ni kuwa na ja tawa daga wani gora da na kafa a tsakar gida har zuwa reshen ɗorawar da ke tsakiyar gonar Kawu, ƙanin mahaifiyata.

A wajenmu gona daban, bishiya daban. Da aka raba gadon kakana, gonar ta faɗa wa Kawu, ɗorawar ta faɗa wa Inna, mahaifiyata. Shi yake noma ƙarƙashinta, ita take kwashe kalwa ta yi daddawa. Don haka wajen Inna na nemi izini, ban ko tuntuɓi Kawu ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Hadari yakan haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, sai iska ta watsa shi. Ban san bakin da ya fara ba, amma cikin kwana kaɗan magana ta cika gari: wayar Malam ce take tsaga hadari. Kawu shi ne kan gaba. Mai gari ya kira ni ya ce, "Malam, ranar Juma'a za mu fita roƙon ruwa. Kafin mu dawo, a sauke wayar nan, a zauna lafiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na sauke ta, na amsa ke nan cewa ni na hana ruwa."

Abin da ke gabana ke nan. Ba tagullar nake jin tsoron rasawa ba. A ƙauye suna ba ya gogewa. In na hau na kwance wayar da hannuna, 'ya'yana da jikokina za su tashi ana nuna su da baki, ana cewa ga gidan da suka jawo mana yunwa. Na rantse a raina ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan sauke ba.

Sai na yi dabara, irin ta mai ganin kansa da boko. Ranar Laraba na lallaɓa Kawu ya raka ni birni ziyarar abokina. Lissafina shi ne ya ga babban mutum, mai furfura, mai sallah, da eriyar da ta fi tawa ninki uku a saman soronsa. Muka hau motar kasuwa, sai Kano.

Abokin nawa ya karɓe mu hannu bibbiyu. Matarsa ta yi burabusko, a wannan tsanani fa, Allah Ya saka mata. Bayan mun ci, ya kunna na'urarsa, ya yi ta murɗawa har ya kamo wani mutumin Damagaram da muka saba gaisawa da shi. Ya miƙa wa Kawu abin magana ya ce, "Baba, tambaye shi ruwa."

Kawu ya riƙe abin nesa da bakinsa kamar zai cije shi. Ya yi sallama da ƙarfi, ya tambayi damina. Mutumin ya ce wallahi ko ɗigo, dabbobi ma mutuwa suke yi. Na dubi Kawu ina washe baki, don Damagaram ina, ƙauyenmu ina?

Kawu ya ce, "Shi ma yana da wayar a sama?"

Abokina ya ce, "Yana da ita mana, in ba haka ba ta ina za mu ji shi?"

"To, ka ji," in ji Kawu. Ya leƙa taga, ya dubi busasshen titi, ya ɗaga kai ya dubi eriyar abokina. "Nan ma ga ta, nan ma ba ruwa."

Kai! Garin neman gira na rasa ido. Duk wanda zan kira ya ba da shaida, daga nan har bangon duniya, sai mai waya a sama. Abokina ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa na cika fam, kamar in fasa na'urar.

Don in huce, washegari da safe abokina ya ce mu je gidan zu, tunda Kawu bai taɓa zuwa ba. Na bi su ne kawai, raina a jagule. Kawu kuwa ya koma yaro. Ya yi wa kura tsawa, ya ce ashe haka take da wari. Ya tsaya gaban raƙumin dawa yana salati, ya ce wannan in ya shiga gonar dawa ai sai haƙuri. Jimina ta miƙo wuya za ta cafke masa hula, ya yi tsalle baya yana zaginta har uwa da uba.

Can wajen wani ɗan kududdufi sai ya tsaya cak. Wasu manyan tsuntsaye ne biyu, masu dogayen ƙafafu da tukku ruwan zinariya. Abokina ya fara bayani, Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Gauraka ne. Ni za a gaya wa gauraka? Muna yara, fadamar bayan garinmu cike take da su. Ni da Yaya mukan kore su daga shinkafar babanmu." Yaya ita ce Inna.

Na ce, "Shinkafa? A garinmu?" Ni dai tun da na buɗe ido, wurin nan da ake kira fadama rairayi ne da sabara.

Kawu ya matsa jikin shingen da aka kewaye su da shi. Abokina ya tambaye shi a hankali, "Baba, yaushe suka daina zuwa?"

"Tun ba a haifi wannan mai taurin kan ba," in ji Kawu, bai ko waiwayo ni ba. Ya daɗe riƙe da shingen yana kallonsu. Na so in ce masa, to a lokacin wayar wa ta kore su? Maganar ta zo har bakina, abokina ya taka mini ƙafa. A mota, da muka kusa gida, Kawu ya ce, shi kaɗai, "Har kifi akwai."

Ranar Juma'a aka fita roƙon ruwa, da ni a sahun gaba, don kada a ce na ɓuya. Da aka shafa addu'a, jama'a ba su watse ba, suka nufi gonar Kawu, wani ma da tsani a kafaɗa. Na riga su zuwa, na tsaya a gindin ɗorawar. Ashe Inna ta riga ni. Ta shimfiɗa tabarma, tana tsince kalwa a faifai. Ta dubi mai tsanin ta ce, "Bishiyar uban wa za ka hau?"

Aka ce, "Inna, ki yi haƙuri, maganar gari ce." Ita kaɗai ba za ta tsayar da su ba, ni ma haka. Suka matso bakin iyaka, duka ido ya koma kan Kawu, don shi ya fara maganar, kuma gonarsa za a ratsa.

Kawu ya fito daga cikin taron, ya taka har tsakiyar kunya, ya juyo ya fuskance su. A gonar nan babu komai sai ƙonannun tsirrai da ba su kai taƙi ba, ko akuya ba za ta kalle su ba. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Duk wanda ya taka mini gero," ya ce, "ni da shi sai gaban alƙali."

Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya tsallaka. Ruwa bai zo ba a wannan makon, bai zo ba a na gaba. Mun ci garin rogo da tafasa har muka manta ɗanɗanon tuwo. Kawu bai taɓa cewa na yi gaskiya ba har ya koma ga Allah, ni ma ban nema ba. Sai dai wani lokaci bayan la'asar yakan leƙo ɗakina, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce, "Kai, kira mini mutumin Damagaram, ka tambaye shi ko su har yanzu suna ganin gauraka."